MX-5, 350Z ko Toyota 86: wacce za ka iya riƙewa da hannunka?

Mutumin da ya ƙudurta sayen gajeruwar mota mai ƙofa biyu, mai ja da ƙafar baya, ya riga ya sha nasiha daga 'yan'uwa da abokai: titunanmu ba na irinta ba ne, ba ta ɗaukar iyali, ranar sayarwa kuma sai an daɗe kafin mai saye ya leƙo. Duk gaskiya ne, shi ma ya sani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka ba zan tsaya kan a saya ko a fasa ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce: idan ta hannu za ka saya, kuma niyyarka ka riƙa kula da ita da kanka a gida, juyen baƙin mai da canjin filogi da takalmin birki duk da hannunka, wacce ce za ta ba ka haɗin kai?

Uku na ɗauka, duk 'yan Japan. Mazda MX-5 ƙirar da ake kira NC, wadda aka yi daga 2005 zuwa 2015. Nissan 350Z, wadda ta fito a 2002 aka kuma maye gurbinta da 370Z a 2009. Sai Toyota 86 ta 2012, wadda Amurka ta fara sani da sunan Scion FR-S, Turai ta san ta da GT86, Subaru kuma yake sayar da tagwaiyarta da sunan BRZ.

Da gangan na ajiye na Jamus a gefe. Porsche Boxster ta farko tana da daɗin tuƙi ƙwarai, amma injinta a tsakiyar mota yake, bayan kujeru, sai ka buɗe ta sama ka buɗe ta ciki ka shiga ta ƙasa kafin hannunka ya kai ga abin da kake nema. Ga kuma wani boris a cikin injin da ya yi ƙaurin suna, wanda in ya watse yakan tafi da injin gaba ɗaya. BMW Z4 injinta mai silinda 6 lafiyayye ne, sai dai robobin da ke hanyar ruwan sanyaya shi suna bushewa su tsage, kuma ayyuka da dama sai an haɗa ta da kwamfuta. Mai fara koyo ba daga nan ya kamata ya fara ba.

Kafin ma a kai ga inji, doka ta riga ta tace maka zaɓi. A jerin kayan da Hukumar Kwastan ta Najeriya ta hana shigowa da su akwai motar hannu da ta haura shekara 12 da ƙerawa. Ma'ana, babu 350Z ko ɗaya da za ta shigo maka ta halastacciyar hanya a yau. Wadda za ka samu ita ce wadda aka riga aka mora a nan, ta bi ta hannun masu ita da bakanikai iri-iri. MX-5 ƙirar NC ma ƙofarta tana rufuwa shekara bayan shekara. Toyota 86 da 370Z su ne suke da sauran fili. Sannan ka guji mai sitiyari a dama, irin ta Ingila ko Japan. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi, kuma motar da aka yanka aka mayar wa sitiyari hagu a wani gareji ba abin da za ka amince wa ranka ba ce a kan gudu.

Fetur, abin da ba ka da iko a kansa

A Amurka famfo ɗaya yana ba da fetur kala uku, kowanne da lambar da ke nuna juriyarsa ga matsin inji: 87, 89, sai 91 ko 93. Mu nan kala ɗaya ne, shi mai A Daidaita Sahu yake sha, shi mai Prado yake sha. Lambar da ake jingina wa namu, wajen 91, a wani ma'auni ne daban da na Amurka. In aka mayar da shi ma'auninsu, ya fi kusa da 87, wato mafi ƙanƙanta a can. Mutane da yawa sukan ga an rubuta 91 a murfin tankin motar da ta zo daga Amurka su ce ai namu ne. Ba shi ba ne.

Abin da ya sa wannan ya shafe ka shi ne matsi. Gwargwadon yadda inji ke matse iska da fetur kafin filogi ya kunna wuta, gwargwadon buƙatarsa ga fetur mai juriya. Injin 350Z na farko yana matsewa 10.3, na ƙarshe 10.6. Na MX-5 mai lita 2.0 yana da 10.8. Na Toyota 86 kuwa 12.5 ne. Idan fetur ya gaza, yakan kama da wuta tun lokaci bai yi ba, inji ya fara ƙwanƙwasa, sansa ta ji, ƙwaƙwalwar mota ta ja da baya don ta kare shi. Sakamakon shi ne ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru. Dukkan ukun masu ƙera su fetur mai babbar lamba suka so a zuba musu, amma tazarar da ke tsakanin abin da ake so da abin da muke da shi ta fi faɗi a wajen 86. Ka ƙara da watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka kunna na'urar sanyi, ka taka totur a kan hawa: nan ne bambancin ke fitowa.

Akwai ƙari. Injin 86 yana da nozul 8, huɗu daga ciki suna fesa fetur kai tsaye cikin silinda da matsanancin ƙarfi, kuma akwai famfo na musamman da ke ba su wannan ƙarfin. Tsari ne mai kyau a ƙasar da fetur ke da tsabta. Wanda ya tuna gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022, mai sinadarin metanol fiye da kima, ko ya taɓa tsayawa wajen 'yan bumburutu a lokacin layi, ya san ba kullum muke da wannan tabbacin ba. MX-5 da 350Z nozul ɗinsu irin na yau da kullum ne, wanda kowane gareji ya san wanke shi.

Wajen sha kuwa Nissan ce ke faɗuwa. A lissafin hukumar kula da muhalli ta Amurka, cikin gari MX-5 da 86 suna yin kusan kilomita 9 da lita ɗaya, 350Z kuwa wajen 7 da rabi, kuma cunkoson garuruwanmu zai rage duka lambobin. Tankin Z lita 76 ne, na sauran biyun wajen 50. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne ga mai albashi.

Da fetur ne kaɗai ma'auni, da na ce ka duba Ford Mustang mai silinda 6 ta 2011 zuwa 2014, domin an ƙera ta ta sha 87 kuma tana ba da ƙarfin doki 305. Amma babba ce, mai nauyi, daɗinta a miƙaƙƙen titi yake. Wata halitta ce daban da waɗannan ukun, waɗanda daɗinsu ke cikin kwana.

Ina za ka samu kayan gyara?

Nan ne tambarin Toyota ke ruɗin mutane, kuma ina so a ji ni da kyau. Mun saba cewa Toyota ba ta rasa kaya: ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, kafin ka gama faɗin sunan abu an kawo maka kala uku. To 86 ba a masana'antar Toyota aka ƙera ta ba. Subaru ne ya ƙera ta a Gunma, injin nasa ne, mai suna FA20, wanda silindojinsa huɗu suke kwance, biyu hagu biyu dama. In ka ɗaga bonet za ka ga sunayen kamfanonin biyu a kan injin. Kayan injin Corolla da Camry da suka cika kasuwanninmu ba sa shiga wannan injin, Subaru kuma ba ta da yawa a Arewa. Kusan duk abin da ya wuce filta da batir da taya, sai ka yi oda daga waje, ka biya da dala, ka jira makonni. Wanda ya saye ta don yana ganin Toyota ce, ya sayi wani abu daban da wanda yake tsammani.

Nissan akasin haka take. Injin 350Z, wato VQ35, ɗan babban gida ne. Danginsa suna cikin Murano da Pathfinder da Maxima da Altima mai silinda 6, da Infiniti G35 da FX35, waɗanda duk sun yi zamani a titunanmu. G35 ce 'yar'uwarta ta kusa, domin a kan shimfiɗa ɗaya aka gina su, kuma kayan ƙafa da na inji da yawa suna shigar juna. Giyar otomatik mai hawa 5 ma 'yar gidan ta FX35 ce. Gargaɗi ɗaya: injin Murano ko Maxima a gicciye yake zaune don yana jan ƙafar gaba, ba za ka ɗauke shi ka dasa a Z haka kawai ba. In ta kama a sauya inji, na G35 ko FX35 za ka nema, kuma ka tabbatar zubin shekarunsu ɗaya. Abin da bai samu a Arewa ba, Ladipo ta Legas za ta iya aiko maka da shi a motar dare.

Mazda tana tsakiya, amma ta fi kusa da Nissan fiye da yadda ake zato. Jikinta, fitilunta, gilasanta da rufinta ba ka ganinsu a kasuwa; in aka goge ka a shataletale, jiran oda ya kama ka. Amma injinta na gidan MZR ne, wanda Ford ke kira Duratec, kuma yana cikin Mazda 3 da Mazda 6 da Ford Focus da Fusion da Escape. Masu wannan mota a ƙasashen waje sun daɗe suna ɗaukar injin lita 2.5 na Fusion ko Escape su ɗaura mata, bayan sun mayar masa da kaskon mai da wasu kayan tsohon injin. Ga mutumin da ke zaune inda inji ɗan Beljiyam na Escape ba ya wuyar samu, wannan babbar kwanciyar hankali ce: mafi munin abin da zai iya faruwa ma yana da mafita a cikin gida. Kada dai kamannin suna ya kai ka ga Mazda RX-8. Shimfiɗarsu ɗaya, amma injin RX-8 ba shi da fistin, kuma ba kowane bakanike ne ya taɓa buɗe irinsa ba.

Inda hannu ke shiga da inda ba ya shiga

Labari mai daɗi tukuna: dukkansu sarƙa ce ke juya tayimin ɗinsu, ba bel ba, don haka babu wannan fargabar ta tsinkewar bel da ke kashe inji.

MX-5 ita ce makarantar mai koyo. Silinda huɗu a jere, filogi huɗu a sama a fili, kwayil ɗaya a kan kowanne da ƙusa ɗaya tak. Nauyin motar bai wuce kilo 1,150 ba sosai, don haka komai nata ƙarami ne: ƙafar da za ka cire, birkin da za ka kwance, giyar da za a sauke. Ciwukanta sanannu ne kuma masu sauƙi. Tankin roba na ruwan lagireto yana tsufa, launinsa ya koma ruwan ƙasa, ya tsage ta wuya. Ka canza shi tun bai fashe ba, domin inji na alminiyam bai jure tafasa ko sau ɗaya. Akwai hanyoyin ruwa biyu a bayan kujeru da ke zubar da ruwan saman da ya gangaro daga rufi. Ƙurar hunturu tana toshe su, damina ta zo ruwa ya koma cikin mota, sai ka riƙa zurara musu siririyar waya mai laushi kafin ruwan farko. Abu na uku shi ne injin ba ya yafe ƙarancin baƙin mai, musamman na shekarun farko. Ka mayar da duba geji al'ada duk lokacin da ka sha mai. Daga 2009 Mazda ta ƙarfafa cikin injin na manuwal, shi ya sa na fi son ta wannan shekarar zuwa sama. Ƙarfin ta manuwal doki 166 ne zuwa 170 a ƙirar Amurka. Wadda ta biyo ta Turai, irin da ke shiga Nijar ta Kwatano da Lome, tana iya zuwa da ƙaramin inji mai lita 1.8 da doki 126.

350Z aiki ne na mai ƙarfi. Ta kai kilo 1,450 ko fiye, komai nata babba ne, kuma cikin bonet a cushe yake. Duk da haka filoginta shida suna ciruwa ba sai an sauke saman inji ba, saɓanin Murano da ke wahalar da mutum kan ukun baya. Matsalarta ita ce sai ka san wace shekara kake saye, domin inji uku ta yi amfani da su. Na farko, mai doki 287, shi ne mafi sauƙin hali: yakan zubar da mai ta murfin bawul har ya jiƙa filogi, kuma gyaran sai an canza murfin gaba ɗaya, sansar kam da ta kiran, masu sanar da ƙwaƙwalwar mota yadda inji ke juyawa, suna mutuwa, mota ta riƙa mutuwa a kan tafiya ko ta ƙi tashi, amma canjinsu aikin yamma ɗaya ne. Na biyu, mai doki 300, wanda ke cikin na manuwal na 2006 da wasu na 2005, ya yi suna wajen shan baƙin mai; ni ba zan saye shi ba. Na uku, na 2007 da 2008, mai doki 306, shi ne mafi ƙarfi da daɗin ja, amma famfon kulocinsa na ƙasa an ɓoye shi a cikin kwanon giya, in ya lalace sai an sauke giya, alhali a na farko ƙusa biyu ce a waje. Yana kuma da wasu gaskit na takarda a bayan murfin tayimin da kan fashe su rage ƙarfin mai. Sa'a ɗaya, Z tana da agogon ƙarfin mai a tsakiyar dashbod. Ka bar inji ya yi zafi sosai, ka kalli inda allurar ke tsayawa a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba. Fitar da iska daga hanyar ruwanta ma yana son haƙuri, kuma wanda ya yi gaggawa zai ga mota tana zafi ya zaci gaskit ne ya ƙone. 370Z ta gaji matsalar kuloci, ta ƙara da saurin zafin baƙin mai. A yanayinmu ina ganin sanya mata na'urar sanyaya mai wajibi ne, ba ado ba.

Toyota 86 tana fara yi maka fara'a: filtar mai a sama take, gaba-gaba, ka cire ta kana tsaye. Birki da ƙafafu duk masu sauƙi ne. Sai ranar filogi, a kilomita 96,000. Saboda silindojin a kwance suke, filogin suna fuskantar ƙarfen jikin mota ta gefe, da 'yar tazara kaɗan. Littafin kamfani cewa ya yi a ɗaga injin; masu haƙuri suna yi ba tare da ɗagawa ba, da guntayen soket da suke haɗawa ɗaya bayan ɗaya a cikin ramin. Babban abin dubawa shi ne ƙirar 2013. A 2018 an yi kiran waɗannan motoci don a canza sifirin ɗin bawul, aikin da ke buƙatar buɗe inji, kuma bayan gyaran an samu rahotannin injuna da suka buga saboda gam ɗin da aka lafta ya gutsure ya toshe matatar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Wanda zai sayi 86 ya nemi ta 2014 zuwa sama, gara ma ta 2017. In ya riga ya sayi ta 2013, ya sauke kaskon mai ya duba matatar da idonsa.

A bakin gaskiya, wajen tuƙi 86 ba ta da abin kushe. Doki 200, kilo wajen 1,250, sitiyari mai faɗa maka duk abin da taya ke yi, rufin ƙarfe, ga 'yar kujerar baya da ke kwantawa ta ba ka wurin kaya. Ita ce mafi dacewa da zama motar kullum a cikin ukun, da a ce fetur da kasuwa sun goya mata baya.

Rana da titi

Dukkansu cikinsu bai fi santimita 12 zuwa 13 daga ƙasa ba. Tudun rage gudu sai ka hau shi a karkace, a hankali, kuma unguwar da ruwa ke kwanciya a watan Agusta ba ta irin waɗannan motoci ba ce. Ka zagaya hanyar gidanka da ta wurin aikinka da wannan ido kafin ka biya kuɗi. Siririyar taya a kan babban wili tana da kyau a hoto, amma rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa wilin. Inci 16 a MX-5 da inci 17 a Z sun fi mana alheri. Tayoyin Z na baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su, kuma na bayan suna saurin cinyewa. MX-5 ƙirar NC ba ta zuwa da safaya ko kaɗan, abin da ya kamata mai shirin bin hanyar Kano zuwa Abuja ya yi tunani a kai.

Rufin yadi na MX-5 ba ya jure ranarmu, ƙura tana cin sa, wuƙa kuma tana buɗe shi. Ka nemi mai rufi mai tauri da ke naɗe kansa cikin daƙiƙa 12, wanda Mazda ta fara yi a 2006. Kuma ka zauna a cikinta kafin ka ƙwallafa rai: dogon mutum kansa na taɓa rufi, gwiwarsa na dukan sitiyari.

Abu ɗaya da ba zan tsallake ba. Mota mai ja da baya tana juyawa da mutum a ruwan farko, lokacin da ƙura da mai suka haɗu suka yi santsi a kwalta. Kada ka kashe na'urar hana zamewa a titin jama'a. Wasan mota da ake yi a bukukuwa ya sha cin rayukan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma mai son irin waɗannan motoci da gaske shi ya fi kowa cancantar ƙin sa.

Ranar dubawa

Da yawa daga irin waɗannan motoci da ke isowa gaɓar tekunmu sun fito ne daga gwanjon motocin haɗari na Amurka irin su Copart da IAA. Ka ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 ka bincika ta a intanet; sau da yawa hotunan motar kafin a gyara ta suna nan. Bugun gefe ko na bamba abu ne mai gyaruwa. Bugun da ya taɓa shasi, ko motar da ambaliya ta shanye irin ta guguwar Harvey a Texas a 2017, ka bar ta komai arharta. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙusoshin kujera ko sun yi tsatsa. Motar da ta zauna a jihohin ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, sai ka shiga ƙarƙashinta da tocila.

Ka ce wa dillali kada a tayar da ita kafin ka iso. Sanyin inji ne ke tona hayaƙi da ƙarar sarƙa. Ka soka na'urar sikanin a ƙarƙashin sitiyari, ka duba ko an goge laifuffuka kwanan nan. Ka tabbatar fitilar jakar iska tana kamawa sannan ta mutu, domin wasu cire ƙwan suke yi. A wadda aka mora a nan kuma, ka duba abubuwa uku da aka saba yi wa motoci a garejinmu: an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye, an fasa salansa an kwashe indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinta. Ko wanne ka gani, ka san akwai aikin mayarwa a gabanka, ka rage shi a farashi. Takardun kwastan kuma a tantance su a ofis, ba a bakin dillali ba.

Wacce zan ce ka saya

In kana da wata motar ta iyali, tsayinka matsakaici ne, kuma abin da kake so shi ne ka koyi aiki da hannunka, MX-5 ta 2009 zuwa sama, manuwal, mai rufi mai tauri. Ita ce zaɓina na farko ba tare da jinkiri ba. Kuskurenka a kanta ba ya tsada, kuma daɗinta yana fitowa tun a gudun da ba zai kashe kowa ba. Wahalarta ita ce samunta, domin ba ta da yawa a nan.

In ba za ka iya jiran oda ba, kana son ƙarfi da ƙarar silinda shida, kuma kuɗin fetur ba zai hana ka barci ba, to 350Z mai injin farko wadda ba a wulaƙanta ba, ko ta 2007 da 2008 in ka shirya wa aikin kuloci. A nan lafiyar motar da ke gabanka ta fi shekararta muhimmanci, tun da duk sun tsufa.

86 ta dace da wanda ke zaune a Abuja ko Legas, yake da gidan mai da ya amince da shi, yake da hanyar odar kaya, kuma ita kaɗai ce motarsa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya rasa, ina ba shi shawara ya haƙura da ita.

Ko wacce ka ɗauka, kada ka ƙarar da kuɗinka wajen saye. Ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar don watan farko. Kayan aiki ba su da yawa: soket da sifana masu lamba 10, 12, 14, 17 da 19 sun ɗauke yawancin ƙusoshin motar Japan, sai na ƙusar ƙafa, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da jak mai gajeren kai da zai shiga ƙarƙashinta, da ƙarafunan tokare guda huɗu. Kada ka taɓa kwanciya ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko bulo, ko dutse. Ka yi aiki a kan siminti, ba a kan yashi ba.

Makon farko ka juye duk wani ruwa da ke jikinta, domin ba ka san tarihinsa ba: baƙin mai, man giya, man aksul na baya, man birki, ruwan lagireto. Kada ka yarda a zuba mata 20W-50 da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Waɗannan injuna da man ne suke sarrafa buɗewar bawul ta ƙananan hanyoyi, kuma mai kauri yana makara wajen isa. Littafin Z ya ce 5W-30, na MX-5 ta Amurka 5W-20, na 86 kuwa 0W-20, kuma da yawa a ƙasashe masu zafi suna tsayawa a 5W-30. Ka saya wajen dilan da ka sani, saboda jabu ya yi yawa. Lagireto kuma ruwansa na musamman za ka zuba, ba na rijiya ko na burtsatse ba, wanda gishirinsa ke toshe hanyoyi. Filtar iska a lokacin hunturu ka riƙa duba ta duk wata.

Sauke giya, saitin ƙafafu, iskar na'urar sanyi, jakar iska da bututun fetur mai ƙarfi na 86, waɗannan ka kai wa masu sana'ar. Ka nemi bakanike ɗaya mai natsuwa tun motar tana lafiya, ka je masa da littafin gyara na kamfani a wayarka, ka tsaya tare da shi ana aikin, ka kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba. Tankin ruwa in MX-5 ce, sansar kam da ta kiran in Z ce, filogi da kwayil in 86 ce: ka yi odarsu tun ranar da ka karɓi makulli, ka ajiye a gida.